Tankar Sherman a kwarin Kaladan: a cire ta ko a bar ta?

Malamin Tarihi: Slm jama'a. Na ga hoton dayoramar (wato ɗan ƙaramin fagen yaƙi da ake haɗawa da hannu) da ƙanena Ɗan Kurmi ya gama haɗawa, sikeli 1/35 wato an rage girman komai sau 35, tankar Sherman a tsakiya tana hawa tudu, sojoji baƙar fata shida suna biye da ita cikin gora, a ƙasa kuma ya manna ɗan allo ya rubuta "Kaladan 1944, Runduna ta 81". Aikin hannu kam ba a magana, Allah ya ƙara basira. Amma zan faɗi abu ɗaya ko da ba zai yi daɗi ba, tankar nan ba wurinta ba ne. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda Ingila ta kai Burma a yaƙin duniya na biyu, ba da tankoki ta shiga kwarin Kaladan ba, da ƙafa suka shiga, kaya a ka, abinci da harsashi jirgin sama ke jefo musu. Shawarata a cire ta.

Ɗan Kurmi: Wslm Malam na gode. Amma a cire ta fa kace?? ita ce fa ta fi cin kuɗi da lokaci a duk aikin, sarƙar ƙafarta kaɗai ɗaya bayan ɗaya na liƙa. Kuma ai Ingila ta yi amfani da Sherman a Burma, ba ni na ƙirƙira ba, akwai hotuna

Mai Fenti: Haba Malam, wannan fa ba jarrabawar tarihi bace. Yaro ya zauna ya haɗa abu mai kyau, ya yi ƙasa da garin katako da farin gam, gorar nan da tsinken tsintsiya ya yi ta har da gaɓoɓi, ku dubi taɓon da ke jikin tayoyin kamar ka taɓa ya liƙe maka a yatsa. Dayorama zane ce, mai zane kuma yana da ikon ya tara abin da yake so a allonsa. In babu mota ko tanka a tsakiya ido bashi da inda zai sauka, duk wanda yake wannan harka ya san haka

Malamin Tarihi: Na yarda zane ce, har zuwa lokacin da aka rubuta sunan wuri da shekara da lambar runduna a ƙasa. Daga nan ta zama magana, kuma magana ko gaskiya ce ko ba gaskiya ba. Da ya rubuta "Burma" kawai ya yi shiru da ni ma na yi shiru.

Ɗan Kurmi: To Malam meye hujjar cewa ko ɗaya bata shiga ba

Malamin Tarihi: Hujja ita ce hanyar kanta. Kaladan kogi ne a yankin Arakan, tsakaninsa da gaɓar teku duwatsu ne da kurmi, babu titi. A ƙarshen 1943 zuwa farkon 1944 sojojin rundunar da kansu suka sare daji suka fasa hanya daga Chiringa, wajen mil 75, da adda da diga da shebur, ita ake kira West African Way, kuma hanyar jif ce, jif ɗin ma da rani, damina na sauka ta zama kwata. Jif faɗinta bai wuce mita ɗaya da rabi da ɗan wani abu ba, Sherman kuma nauyinta ya kai tan 30. Ta ina zata bi? Tankokin da suka yi faɗa a Arakan a Fabrairun 1944 samfurin Lee ne na 25th Dragoons, sojojin tankar Ingila, suna can ɓangaren Ngakyedauk tare da rundunar Indiya ta 7, wurin da aka yi yaƙin Admin Box. Wani fagen ne daban, duwatsu sun raba.

Tsohon Saje: Ku bari tsoho ya sa baki. Ni ban je Burma ba, ban ma isa ba, amma lokacin da na shiga soja na tarar da waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashin mutanen da suka je, kuma a unguwarmu muna yara akwai tsofaffi biyu da suka dawo daga can. Abin da suka fi ba da labari ba tanka bane, dako ne. Ruwa, ƙaiƙayi, matsattsaku a ƙafa, da kaya a ka kana hawa dutse kana riƙe saiwa. Har igwa ake kwancewa gunduwa gunduwa a ɗora wa mutane, ƙaramar nan mai inci 3.7, a je gaba a sake haɗawa a harba. Akwai rukuni guda na masu dako a cikin rundunar, sojoji ne masu kaki amma yawancinsu adda ce kawai a hannunsu. To ɗana in ka sa tanka a tsakiya ka ture waɗannan mutane gefe, wallahi ka rage musu, baka ƙara musu ba. Kamar mutum ne ya zana hawan sallah ya cire dawakai ya jera motoci don sun fi sheƙi.

Mai Fenti: Baba ranka ya daɗe maganarka a kai take, amma ka duba ta wannan gefen. Yara nawa ne a garin nan suka san ma kakanninsu sun je Burma? Tankar ce zata sa yaro ya tsaya ya leƙa, in ya tsaya sai a bashi labarin. In ka jera mutane shida da kaya a ka wucewa zai yi, zai ɗauka 'yan kasuwar ƙauye ne

Tsohon Saje: In ya tsaya saboda tanka labarin tanka zai tafi dashi gida.

Na Kumasi: Gaisuwa daga Zango 'yan'uwa. Ni abin ya shafe ni don birged ta 5 a cikin runduna ta 81 ɗin mutanen Gold Coast ne, kuma da yawansu daga arewacin Ghana suka fito, Hausa ake yi a bariki a lokacin kamar yadda ake yi a Najeriya. Mu nan har yau hedikwatar soja a Accra sunanta Burma Camp, akwai barikin Myohaung a Takoradi. Ina bayan Malam amma ina da mafita wa Ɗan Kurmi, ka bar tankarka ka canja allo. A Janairun 1945 Sherman na 19th Lancers, sojojin Indiya, sun sauka ta ruwa a Myebon da Kangaw. Runduna ta 82 kuma, bayan an kama garin Myohaung a ƙarshen watan, ta gangaro kudu ta iso Kangaw a Fabrairu. Kaga nan mutanenmu da Sherman suna yanki ɗaya a lokaci ɗaya. Ka rubuta "Kangaw 1945, Runduna ta 82" shikenan kowa ya huta, kuma ita 82 ɗin ma ta fi yawan 'yan Najeriya, birged biyu cikin uku nasu ne

Ɗan Kurmi: Yaya wannan shawara ta shige ni wlh. To bajon kafaɗa fa, na riga na zana musu gizo-gizo

Na Kumasi: Gizo-gizon na 81 ne, baƙi a kan ruwan ɗorawa, Ananse na tatsuniyarmu ta nan, irin Gizo ɗinku. Na 82 māsu biyu ne a gicciye a kan gammo. A 1/35 bajon bai kai ƙwayar gero biyu ba, ka shafe da fenti ka sake ɗigawa da bakin allura

Tsohon Saje: To kun ji, gammo. Rundunar da kanta ta ɗauki gammon ɗan dako ta sa a kafaɗa, mu kuma muna neman ɓoye shi bayan ƙarfe.

Malamin Tarihi: Canja allon ya fi barin shi yadda yake nesa ba kusa ba, amma fa akwai sauran aiki, ku yi haƙuri dani. Na ƙara girman hoton na duba bayanta, wannan M4A3 ce mai injin Ford, irin wadda sojojin Amurka suka fi riƙewa kansu. Wadda Ingila da Indiya suka yi aiki da ita a Burma M4A4 ce, su suna ce mata Sherman V, injinta na Chrysler ne, injin mota biyar aka haɗe wuri ɗaya silinda 30, saboda girmansa aka ƙara wa jikin tsawo, shiyasa in ka dubi tayoyin ƙasa zaka ga tazara tsakaninsu ta fi faɗi. Wanda ya sani da kallo ɗaya zai gane.

Mai Fenti: Inna lillahi. Malam yanzu kuma tazarar taya?? Mutum nawa ne a duk Kano zasu kalli abu mai tsawon santimita 17 su ce tazarar tayarsa ta gaza. Irin wannan ne fa yake korar yara daga harkar, mutum ya tara kuɗi da ƙyar ya yi oda daga waje ya jira wata da watanni, kwalin ya iso a lotse, ya haɗa, sannan a ce masa ba ita bace. A Japan da Turai shago ne a bakin titi ka shiga ka zaɓi wadda kake so, mu nan abin da ya samu shi ne naka

Malamin Tarihi: Wannan gaskiya ne kuma ban raina wahalar ba. Ban ce ya jefar da ita ba. Matsalar taya ƙarama ce, zan iya kawar da kai. Matsalar Kaladan ce babba don ita ta shafi mutane.

Maman Biyu: Sannunku da muhawara, tun ɗazu nake karantawa ina aiki. Ni jiragen ruwa nake haɗawa 1/700 don haka ba ruwana da taya, amma ina ganin Mai Fenti akwai inda ka kauce. Kace in babu tanka ido bashi da wurin sauka, waye yace dole tanka ce abin hawa? Jif Willys tana nan a 1/35, kamfanin Tamiya na yinta kuma bata kai Sherman tsada ba, tsawonta bai kai santimita 10 ba. Ka sa ta ta kafe a taɓo a kan waccan hanya da Malam ya faɗa, mutum huɗu na turawa ɗaya na sara gora yana shimfiɗawa ƙarƙashin taya, a bayansu layin masu dako na wucewa ko kallonta basa yi, sama a reshe lemar jefo kaya ta maƙale da buhu yana lilo. Wlh wannan ya fi tanka tsayar da mutum don akwai abin da ke faruwa a ciki. Ko kuma kogin kansa, sun yi amfani da kwale-kwalen mutanen wurin da gorar da ake ɗaurewa a hau. Isaac Fadoyebo, ɗan Najeriya ma'aikacin jinya a rundunar, a tafiyar kogin nan Japanawa suka yi musu kwanton ɓauna a Maris 1944, aka harbe shi a ƙafa, wani mutumin ƙauye musulmi ya ɓoye shi da abokinsa ɗan Saliyo wata da watanni yana ciyar dasu har aka zo aka same su. Wannan kaɗai dayorama ce guda

Ɗan Kurmi: Anti ruwan fa shi nake tsoro, na taɓa gwada zuba resin, ruwan robar nan mai daskarewa, ya yi zafi ya narkar min da kumfar ƙasan

Maman Biyu: Da yawa ka zuba lokaci ɗaya. Ka fara shafe kumfar da filasta ko farin gam ta bushe sarai, ka yi wa ƙasan kogin fenti ruwan ƙasa mai duhu, sannan ka zuba siriri siriri kana barin kowane ya daskare. Kogin daji ba garau yake ba, ɗigon fenti ruwan ƙasa a cikin zubin farko ya isa

Mai Fenti: To jirgin da ke jefo kayan fa, tunda shi ne ginshiƙin labarin

Na Kumasi: Dakota faɗin fukafukinta mita 29, a 1/35 ya haura santimita 80, sai dai ka ba ta tabarma guda. Ko a 1/72 santimita 40 ne. Lemar da buhun sun wadatar, kowa zai gane daga sama suka zo

Mai Fenti: Naji, tsarin Maman Biyu yana da kyau ban musa ba. Amma ina nan kan bakata, wanda ya riga ya gama aikinsa ba a ce masa ya ɓalle. Kuma matsalar da baku faɗa ba, ina zai samu masu dakon? Ni dai duk kwalin sojojin 1/35 da ya taɓa shigowa hannuna Jamusawa ne da Amurkawa da Rashawa da Ingilishi, waɗannan shidan ma na tabbata sojojin Ingila ne ya sake musu fenti

Ɗan Kurmi: Haka ne, na kankare hancin da reza na ƙara leɓe da gam mai haɗi biyu, hular kuma na yi mata baki mai faɗi da takardar gwangwanin madara. Ɗaga hannu sama ya riƙe kaya a ka shi ne aiki, sai na yanke a kafaɗa na sa waya a ciki na cike

Tsohon Saje: Ba duka ne ke riƙewa ba ɗana, wanda ya saba dako sakin hannu yake yi, wuya ne ke aiki. Ka miƙar da bayan, ka ɗan ɗaga haɓa, gammon ka naɗa shi da zaren buhu. Biyu su riƙe, sauran su saki, ɗaya da sanda.

Malamin Tarihi: In zaka yi na Kaladan ɗin ka tuna 'yan Najeriyar da ke ciki bataliya ta 4 ce a birged ta 6, tare da 'yan Gambiya da Saliyo. Birged ta 3 ta Najeriya an cire ta an ba Chindits na Janar Wingate, sojojin da ke kutsawa bayan layin Japanawa, ta yi yaƙi tare da su a 1944, can ma babu tanka, alfadarai ne da jirgin sama. Sunan barikin Chindit na Zariya daga nan ya samo asali.

Ɗan Kurmi: To ga abin da zan yi. Wannan ta Sherman zan cire allon Kaladan yau ɗin nan, in sa Kangaw 1945 in gyara bajo, tayoyin kuma Malam sai dai a yi haƙuri haka zasu zauna. Ta biyu zan fara tara kayanta, jif da masu dako. Wanda yake da jif 1/35 da bai haɗa ba ya min magana mu yi musaya, ina da rabin-sarƙa ta Jamus, motar nan mai taya a gaba sarƙar tanka a baya, a kwali ban buɗe ba

Mai Fenti: Ni har yanzu da ka bar allonka. Amma ina da jif ɗin, gilashin gaban ya tsage sai dai ka yanka wani daga robar kwalin magani

Maman Biyu: A hanyar daji ma kwantar da gilashin ake yi a kan bonet a rufe da tamfol, ka yi tamfol ɗin da tishu da ruwan gam ba wanda zai ga tsagar