Ina baƙo zai samu filin tanis a Legas?

Bakano mai kayan fata:

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Ikko. In Allah ya kai mu watan Nuwamba zan sauka garinku domin baje kolin ƙasa da ƙasa da ake yi a dandalin Tafawa Balewa, mun kama rumfar jakunkuna da takalma. Masaukina gidan ƙanena ne a Agege.

Abin da ya sa na rubuto shi ne tanis. Tun da likita ya ce sukarina ya hau na kama wasan nan, har ya zame mini jiki, ina idar da sallar asuba sai raket. In na kwana biyu ban buga ba, jikina ke fara gaya mini kafin na'urar gwaji ta nuna. Shekaruna sun haura hamsin, don haka na fi son wasan bibbiyu da sa'o'ina, ba gasa nake nema ba. Ina ne baƙo zai shiga ya biya ya buga ba sai ya zama mamba ba? Kuma ana samun abokin wasa a can? Allah ya saka da alheri.

Dattijon Obalende:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kawo ka lafiya. Ka taki sa'a, domin rumfar taka da filin tanis mafi tsufa a ƙasar nan maƙwabta ne. Lagos Lawn Tennis Club yana nan Onikan, jikin dandalin Tafawa Balewa, da ƙafa za ka taka. A 1895 aka kafa shi, shekara takwas ke nan kafin Turawa su ci Kano. Nan ne gidan gasar Kofin Gwamna da aka fara a 2000, wadda 'yan wasa suka riƙa zuwa daga ƙasashen waje.

Ko ba ka buga ba, ina so ka leƙa babban filin da ke tsakiya, don akwai tarihin da ya shafe mu. Ina yaro a Obalende aka kashe Janar Murtala, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, nan Ikoyi kusa da mu. A makon ana gasar manyan 'yan tanis na duniya a wannan kulob, cikinsu har da Arthur Ashe, baƙar fatar Amurka da ya ci babbar gasar tanis ta Wimbledon a Ingila a 1975. Ranar Litinin da ta biyo baya yana tsakiyar wasan kusa da na ƙarshe da Jeff Borowiak sai sojoji suka shigo filin, ransu a ɓace, wai ana makoki ku kuna wasa. Da bakin bindiga aka fitar da shi, 'yan kallo suka watse. Duk sanda na zauna a kan kujerun nan sai abin ya faɗo mini, har yau kuwa in an ambaci Murtala idona kan cika.

To amma kulob ne na mambobi, ba a faɗa masa kai tsaye. Ƙa'ida ita ce mamba ya shigo da kai ya sa hannu a matsayin baƙonsa. Haka Ikoyi Club 1938 yake, can ma sun fi tsanani a bakin ƙofa. Kada wannan ya karya maka gwiwa, da ɗan gari kan ci gari. Mutanenmu ma'aikatan banki da manyan 'yan kasuwa ba a rasa su a waɗannan wurare, kuma a cikin baje kolin nan kansa za ka yi karo da su. Ka faɗi buƙatarka a fili, mai buga tanis kullum neman na huɗu yake yi.

Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba a tsarinka, kwana a Agege. Kai da ka saba daga masallaci sai fili, a nan daga masallaci sai gosulo. Gadar Third Mainland kaɗai kilomita 11.8 ce, kuma da safe duk Legas tsibiri ta nufa, inda dandalin yake. Ka ba ƙanenka haƙuri, ka kama ɗaki a Obalende ko Onikan, ka riƙa kai masa ziyara ranar Lahadi.

Ɗan Agege:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan ina da ja. Mutum ya zo neman kasuwa, ga kuɗin rumfa, ga na dakon kaya tun daga Kano, a kuma ɗora masa otal a tsibiri? Kuma ƙaninsa ba zai ji daɗi ba a ce yayansa yana gari yana kwana a ɗakin haya.

Alhaji, ga yadda nake yi. Babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere, wanda aka gina a 1972 aka yi wasannin Afirka na 1973 a cikinsa, yana da filayen tanis, kuma nan ne talaka ke bugawa. Ba mai tambayarka katin mamba a bakin titi. Ka shiga ka nemi koci, ku daidaita kuɗin awa tun kafin ka zare raket daga jaka, ka kuma ware ɗan abin da za ka ba yaran da ke tsintar ƙwallo. Ranar farko kocin zai buga da kai ya ga hannunka, gobe shi da kansa zai haɗa ka da waɗanda kuka yi daidai. Dattawa 'yan fansho suna da yawa da sassafe, Yarbawa da Inyamurai da namu, in suka ga kana zuwa a kan lokaci shi ke nan ka zama nasu.

Kuma wurin a kan hanyarka yake. Jirgin ƙasa na Red Line yana tsayawa a Agege, ya bi Ikeja da Oshodi da Mushin ya sauke ka Yaba, daga nan ta Ojuelegba filin ba nisa. In ka gama, babbar motar bas ta BRT tana wucewa ta ƙofar filin, ta hau gadar Eko ta kai ka har Tafawa Balewa. Ka sayi katin Cowry, da shi ake biyan jirgin da motar duka. Kada ka sa ran acaɓa, tun 2022 aka hana shi a Surulere da Ikeja da cikin tsibiri.

Ranar da ba ka shiga kasuwa kuma, Ikeja na kusa da kai. Lagos Country Club na cikin GRA, shi ma sai da mamba, sannan otal ɗin Sheraton yana da filaye, ka buga waya ka ji sharaɗinsu ga wanda ba a nan ya sauka ba.

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba:

Sannu Alhaji. Su Baba sun gama maganar wuri, ni ta jiki zan yi, tunda ka ambaci sukari. Ni da 'yata muna bugawa a Surulere ranar Asabar.

A Nuwamba kai daga farkon hunturu za ka taso, inda gumi ke bushewa kafin ka ji shi. Nan iskar teku ce mai laima, gumi ba ya bushewa, zuba yake yi. Kafin ku gama ɗumama jiki riga ta manne maka a baya, mariƙin raket ya fara zamewa a tafin hannu. Ka zo da riga ta biyu, da tawul, da sabon naɗin mariƙi fiye da ɗaya. Ƙwallon ma tana shan laima, gashinta ya tashi ta yi nauyi, za ka ga bugun da ke tafiya a Kano a nan yana faɗawa raga. Kada ka ce za ka ƙara ƙarfi da kafaɗa, nan ake samun ciwon gwiwar hannu. Ka buɗe sabon gwangwani kawai.

Ruwan sama yakan ja baya a watan, amma ba a rasa na dare jefi-jefi. In ka tarar da daɓen da danshi, musamman gefen da inuwar bishiya ke rufewa inda gansakuka ke kamawa, don Allah ka jira ya bushe. Na ga babban mutum ya zame a irin wurin nan, wata da watanni yana dogara sanda.

Kada ka fito da cikin wofi in kana shan maganin sukari, ka sa dabino a aljihun jaka, kuma ka gaya wa kocin lalurarka tun ranar farko. Ka sha ruwa duk sanda aka sauya gefe ko ba ka ji ƙishi ba. Gari na wayewa wajen ƙarfe shida da rabi, zuwa tara rana ta fara duka, wannan tsakanin shi ne naka. Kwanakin farko ka rage tsawon wasan da ka saba.

Bakano mai kayan fata:

Kai, madalla da ku. Hajiya, Allah ya yi wa zuri'a albarka, dabino da naɗin mariƙi sun shiga jaka tun yau. Na yi magana da ƙanena, ya ce in na kwana a otal ba shi ba ni, don haka Agege zan zauna in bi hanyar da Ɗan Agege ya zana, jirgi zuwa Yaba sannan Surulere. Baba, ban watsar da taka ba, labarin Murtala ya taɓa ni, mahaifina bai daina maganarsa ba har ya rasu. Ina son in tsaya a filin nan ko sau ɗaya. Da yamma bayan an rage cinkoso a rumfa zai yiwu?

Dattijon Obalende:

Zai yiwu, da yamma ma aka fi cika, bayan an tashi daga ofis. Sai dai magariba na faɗawa da wuri a Nuwamba, kafin shida da rabi rana ta faɗi, don haka ka bar yaranka a rumfa da an yi la'asar. Ka sa takalmin tanis na ainihi, ba na gudu mai tsini a ƙasa ba. Ka turo mini lambar rumfarka ta saƙon sirri, akwai wani ɗan'uwanmu mamba da muke sallar Juma'a tare, zan zo da shi mu ga kayan fatar, daga nan mu taka tare.