'Yan Yukiren a Turai: Kafin a Tafi Gida Ganin Dangi

Waɗanda suka taɓa zuwa gida suka dawo sun fi nanata abu guda: kariyar wucin gadi da Tarayyar Turai ta buɗe wa masu gudun yaƙin Yukiren a Maris 2022 ba ta jiran wanda ya daɗe a wajen ƙasar da ta karɓe shi, kuma kowace ƙasa da nata wa'adin.

A Jamus, wata shida ne. Ka wuce haka, takardar zama ta mutu, sai in ofishin kula da baƙi ya ƙara maka lokaci tun kafin ka tashi. Kuɗin tallafi kuwa sun fi saurin tsayawa: mako uku kacal a shekara ake yarda ka yi a waje, da izinin Jobcenter, ofishin da ke biyan tallafin.

Dokar da ƙasar Folan ta kafa a 2022 ta zo da wa'adi mafi tsauri: ta tanadi cewa wanda ya wuce kwana 30 a waje ya rasa kariyar. Don haka a ajiye tikiti, a kuma tabbatar jami'in iyaka ya rubuta dawowa.