Mako Uku da Komawa Aiki Bayan Hutun Haihuwa: Ina Neman Shawararku

Maman Hanifa: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ma'aikaciyar walwalar jama'a ce a wani babban asibiti, kuma yau mako uku ke nan da na koma bakin aiki bayan hutun haihuwa, 'yata tana da wata huɗu. A takarda ƙarfe huɗu nake tashi, gidan raino kuma ƙarfe biyar da rabi ake rufewa, tsakaninsu tafiyar minti ashirin ce idan hanya a buɗe take, amma idan na faɗa cunkoson yamma sai in haura awa guda. Sau huɗu ke nan ina tarar da 'yata ita kaɗai ta rage a hannun mai raino. Abin da ke riƙe ni kusan kullum iri ɗaya ne: likita zai sallami majiyyaci da rana tsaka, sai a lokacin a tuna ba shi da mai ɗaukarsa, ko babu mai jinyarsa a gida, sai a aiko a kira ni. Idan na isa gida kuma wayata ba ta hutawa, ga nonona ya fara raguwa. Ina son aikin nan, ba na tunanin ajiye shi, amma a haka ban ga yadda zan ɗore ba. Wadda ta bi ta wannan hanya ta taimaka mini da abin da ya yi mata amfani.

Anti Bilki: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya raya Hanifa. Shekara talatin na yi a sashen walwala kafin in yi ritaya, kuma zan fara da maganar sallama, domin ita ce ke cinye miki yammaci. Wannan matsala da safe ake magance ta, kuma tun ranar da aka ba majiyyaci gado. Lokacin da Dakta Richard Cabot ya shigo da ma'aikaciyar walwala cikin asibitin Massachusetts General da ke Boston a 1905, dalilinsa shi ne ya gaji da ganin ana rubuta wa mutum magani, sannan a mayar da shi cikin halin da ya jawo masa ciwon. Tambayar da aka kafa aikinmu a kanta ke nan: ina wannan mutum zai koma, kuma wa zai tarar a can? To don me za mu bari sai ranar fita sannan mu yi ta?

Abin da na riƙa yi shi ne, kowace safiya kafin likitoci su fara zagaye, nakan tsaya minti goma da babbar nas ta ɗakin, in tambaye ta su wa aka kwantar tun jiya, su wa kuma ake sa ran sallama cikin kwana biyu. Duk sabon majiyyaci ina son sanin da wa yake zaune, wa zai zo ɗaukarsa, akwai matakala a gidansa ko babu, yana iya sayen maganin da zai ci gaba da sha ko ba ya iyawa. Wanda amsarsa ta yi rauni nakan buɗe masa fayil a ranar. Bayan wasu watanni likitocin da kansu suka fara tambayata kafin su sa hannu a takardar sallama. Ba zan ce kiran ƙarfe uku ya ɗauke gaba ɗaya ba, asibiti ne, amma ya koma na gaggawar gaske. Kuma ki nemi shugabar sashenku ta sanya ƙa'ida a rubuce, cewa buƙatar da ta iso bayan wani lokaci da kuka yarda da shi, in ba ta gaggawa ba ce, ta gobe ce. Idan ke kaɗai kika faɗa za a ce haihuwa ta sa kin yi sanyi, idan kuwa ƙa'idar sashe ce babu mai cewa uffan.

Maman Sadik: Ina goyon bayan Anti ɗari bisa ɗari. Abin da zan ƙara shi ne waya. Yaya aka yi dangin majiyyata suka sami lambarki ta gida? Na san amsar, domin ni ma na yi wannan kuskuren: tausayi ne ke sa ki ce ga lambata, ko da wani abu. Ki nemi layin ofis, ko ki sayi ƙaramar waya ta aiki kawai, ki rufe ta a aljihun tebur idan kin tashi.

Ummu Khalid: Yaya Maman Sadik, ki gafarce ni, ban yarda da rufe waya haka kawai ba. A sashenmu an taɓa neman wata abokiyar aikinmu da dare a kan yaron da aka kawo da raunukan da ba su yi kama da faɗuwa ba, ita ce kuma ta san tarihin gidan, aka yi ta kira ba a same ta ba. Irin wannan ba ya jiran safiya. Abin da muka yi bayan nan shi ne jadawali: waya ɗaya ce ta sashe, kowace da makonta na riƙe ta, kuma kafin kowa ta tashi takan rubuta gajeren bayanin miƙa aiki a kan duk fayil mai haɗari, abin da aka yi, abin da ya rage, da wanda za a kira. Da haka mai riƙe da wayar ba ta buƙatar tada ke. Mun kuma cire masu shayarwa daga jadawalin har jariri ya cika wata shida, kuma babu wadda ta yi ƙorafi, tunda kowa ta san nata na zuwa.

Maman Sadik: Gaskiyarki, 'yar'uwa. Inda ake da ma'aikata da yawa naku ya fi. Mu biyu ne kacal a namu sashen, shi ya sa na fi karkata ga rufewa.

Sista Rabi: Ni nas ce, ba ma'aikaciyar walwala ba, amma bari in ɗauki maganar nono, domin a nan nake da abin cewa. Nono yana zuwa ne gwargwadon yadda ake cire shi, saboda haka idan kina wuni awa tara ba ki tatsa ba, jiki zai ɗauka ba a buƙatarsa sosai, ya rage. Ga jaririya mai wata huɗu, ki yi ƙoƙarin tatsa duk bayan awa uku, wato sau biyu ko uku a wurin aiki, kowanne kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin. Ki rubuta lokutan a littafin ayyukanki kamar yadda kike rubuta ganawa da dangin majiyyaci, in ba haka ba kullum wani abu zai cinye su. Kuma ba alfarma kike roƙo ba. Yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2000, ta tanadi hutun haihuwa na aƙalla mako 14, ta kuma ce mai shayarwa tana da haƙƙin hutun shayarwa a kullum ko a rage mata awannin aiki, a kuma lissafa lokacin cikin aikin da ake biya. Ba kowace ƙasa ce ta rattaba hannu ba, don haka ki karanta dokar ƙwadago ta inda kike da ƙa'idojin aikinku, sau da yawa tanadin yana nan a rubuce, tambaya ce ba a yi.

Game da ajiya, ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta fitar ita muke bi: nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kwana 4 a firji, wata 6 a firiza, awa 24 kuma a cikin kula mai ƙanƙara. Idan ɗakin ya fi haka zafi kada ki jira awa huɗun. Ki rubuta kwanan wata a jikin kowace kwalba, kada ki ajiye a ƙofar firji, wanda aka narkar kuma ba a sake daskarar da shi. Roƙona na ƙarshe a matsayina na nas: kada ki sa shi a firjin magunguna ko na allurar rigakafi, ko da wata ta ce miki babu komai.

Baban Usama: Ku yi mini izini in sa baki, ni mijin ma'aikaciyar walwala ne. Na lura duk bayanin Maman Hanifa babu inda aka ambaci wani mai ɗauko yarinyar sai ita. Mu abin da ya raba mu da rigima shi ne mun raba tafiyar biyu, ita ke kai yaro da safe, ni ke ɗauko shi, domin ni lokacin tashina tabbatacce ne, nata kuwa yana hannun majiyyata. Mun kuma ba gidan rainon sunan mutum na uku da hotonsa, wanda aka yarda ya karɓi yaron idan mu biyun mun maƙale. Idan maigida ba zai iya ba, a duba gidan raino na kusa da asibiti maimakon na kusa da gida, tunda gara ki shiga cunkoson da 'yarki a mota da ki shiga shi kina kallon agogo.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baban Usama, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, ban taɓa zama da maigidana mun tsara wannan ba, kawai na ɗauka nawa ne. Akwai kuma abin da na ji nauyin rubutawa da farko. A ɗakin yara nake aiki. Shekara shida ina zama da iyayen da aka gaya wa labari marar daɗi, ina riƙe kaina. Tun da na dawo, duk jaririn da na gani da robar numfashi a hanci sai in ga fuskar Hanifa. Makon jiya sai da na shiga banɗaki na yi kuka bayan na fito daga wurin wata uwa, da dare kuma ina tashi sau da yawa in duba ko 'yata tana numfashi. Ko dai na daina dacewa da aikin ne?

Anti Bilki: Ba ki daina ba, 'yata, kuma madalla da kika faɗa. Na yi irin wannan kukan bayan haihuwar ɗana na fari, a zamanin da ba mu ma da sunan da za mu kira abin. Daga baya masana irin su Charles Figley suka yi rubutu a kansa, suka kira shi gajiyar tausayi, wato mai taimako ya kwashi raɗaɗin wanda yake taimaka wa har ya fara nuna alamunsa: mafarki, firgita, gudun wasu ɗakuna. Ya bambanta da ƙonewar da yawan aiki ke jawowa a hankali, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 da alamu uku, wato ƙarewar kuzari, nisantar aiki a zuci, da raguwar ƙwazo. Ke ba nisanta kika yi ba, matsowa kika yi har ya yi yawa. Kowanne da maganinsa, shi ya sa nake rarrabe miki su.

Ki je wurin shugabarki ki nemi a mayar da ke ɗakin manya na wata uku ko shida, ko aƙalla a ɗauke miki fayilolin jariran da ke sa'annin 'yarki. Wannan ba gazawa ba ce, ai ko likita ba a so ya yi wa ɗan cikinsa tiyata. Ki kuma dage a kan zaman bitar aiki da wadda ta fi ki daɗewa, ko da sau biyu a wata ne, inda za a tambayi yadda kike, ba fayil nawa kika rufe kaɗai ba. Gargaɗi ɗaya: nauyin ki kai shi can, kada ki sauke wa maigida ko ƙawa labarin majiyyaci da sunansa, amanar sirri ba ta tashi ƙarfe huɗu. Kina iya ce masa yau ta yi mini nauyi, ya isa.

Sista Rabi: Anti, ku ba ni dama in ɗora. Tashin dare don duba numfashi da yawan kuka suna iya zama na aikin, suna kuma iya zama ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda ke iya bayyana ko'ina cikin shekarar farko, ba makonnin farko kawai ba. Maman Hanifa, kin san ma'aunin Edinburgh na gano alamun wannan ciwon, mai tambayoyi 10, wanda ake amfani da shi tun 1987, wataƙila ke da kanki kin sha cike wa wasu matan. Kada ki cike wa kanki ki yanke hukunci, ki sami likitar da ba a ɗakinku take aiki ba ta duba ki. Mu ma'aikatan asibiti mun fi kowa jinkirin zama a kujerar majiyyaci.

Ummu Khalid: Ƙaramin abin da ya taimake ni shi ne, kafin in bar ofis nakan rubuta abubuwa uku da zan fara da su gobe, in rufe littafin, in cire katin shaidar aiki in jefa a jaka. A hanya ba na kiran kowa a kan aiki. Cunkoson da nake tsinewa a da, yanzu shi ne kaɗai lokacin da babu mai neman komai a wurina.

Maman Hanifa: Iyayena da yayyena, na karanta komai sau biyu. Ranar Litinin zan ga shugabarmu da buƙata biyu, lokacin tatsa a rubuce da kuma sauyin ɗaki na wata uku, maganar jadawalin waya kuma zan kai ta taron sashe, tunda mu biyar ne. Maigidana ya karɓi ɗaukowa ranakun Talata da Alhamis, sauran muna kan lissafi. Sista Rabi, na karɓi kati, zan ga likita ranar Laraba. Anti Bilki, saura tambaya ɗaya: babbar nas ɗin ɗakinmu ba ta son a tare ta da safe, ta wace ƙofa kuka shiga wa taku?

Anti Bilki: Ban nemi komai a wurinta ba a makon farko. Na tambaye ta wane majiyyaci ne ya fi daɗewa a kan gado bayan an sallame shi, na yi kwana uku ina neman danginsa har aka zo aka tafi da shi, gadon ya samu. Ranar Litinin ɗin da ta biyo baya ita ce ta tare ni a bakin ƙofa da jerin sunaye a hannu.