Injin jirgin ruwa ya ƙi ɗaukar zafi: abin da aka ce a duba

An yi tambaya a kan injin jirgin ruwa da ba ya kai zafin da ya kamata, kuma yawancin waɗanda suka sa baki sun haɗu a kan abu ɗaya, kar ka yi saurin kwance komai, fara tabbatar da cewa gejin zafi ba ƙarya yake maka ba, domin sau da yawa sensa ce ta mutu ko waya ta ci tsatsa. Ka haska ma'aunin zafi na infrared a kan murfin tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwan sanyaya inji hanya in ya yi zafi, bayan injin ya yi aiki sosai ka kwatanta da abin da geji ya nuna.

In da gaske sanyin ne to galibi tamostat ɗin ne ya maƙale a buɗe, ko wani ya cire shi gaba ɗaya wai don kar inji ya yi zafi, wanda ni dai a ganina ɓarna ce, mai ba ya ƙonewa da kyau, baƙin hayaƙi ya taru, danshi ya shiga baƙin mai.

Gwajin ba wuya. Rataye tamostat ɗin da zare cikin tukunyar ruwa a kan wuta, kar ya taɓa gindin tukunyar, ka ga ko zai buɗe a lambar zafin da aka buga a jikinsa. In tun da sanyi bakinsa a wangale yake, ya gama yawo.

Wajen sayen sabo aka ɗan ja: injin da ke shan ruwan teku kai tsaye tamostat na wajen digiri 60 na Celsius yake so saboda gishiri na daskarewa in zafi ya yi yawa, mai rufaffen kulant, wato ruwan sanyaya da ke zagayawa a cikin inji kawai, kuwa 71 zuwa 82. Rufe bawul ɗin shigar ruwan teku kafin ka kwance, kankare tsohon gasket tas, sifirin sabon tamostat ɗin ya kalli cikin inji, sannan ka fitar da iskar da ta shiga hanyar ruwan.