Faifan kwamfutata ya cika, zan koma babba ba tare da fomatin ba

Maman Hanif: Salamu alaikum. Laftof ɗin shagona HP ce, faifan ajiyarta SSD ne mai 256GB, ya cika har ya yi ja. Na sayi mai 1TB. Ina so Windows ta koma kansa yadda take, don wanda ya sa min manhajar lissafin shago ya bar Abuja.

Sadiq Kubwa: Hajiya ki yi fomatin kawai, ki huta.

Maman Hanif: Ƙanena, ka karanta kuwa?

Injiniya Bala: Kulonin za a yi, wato a kwafe duk abin da ke kan tsohon faifan zuwa sabon. Manhajar yin sa, Clonezilla, kyauta ce. A sa sabon a akwatin USB, a dakatar da BitLocker (makullin da Windows ke kulle faifai da shi), ki rubuta mabuɗinsa a takarda. Lasisin Windows yana bin babban allon da ke cikin kwamfutar ne (motherboard), ba faifai ba. In an gama za ki ga 256GB har yanzu, sai an faɗaɗa a Disk Management, sashen Windows mai kula da faifai.

Baban Ummi: Hmm. Ni wani yaro na kai wa a Wuse. Ya juya abin, ya kwafi sabon da ba komai ya ɗora kan tsohon. Hotunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da takardun fili, duk suka tafi. Yana ta danna linzami yana gumi, wai "Alhaji ai da ma ya kusa mutuwa." Kuma ya nemi kuɗin aiki!

Maman Hanif: Innalillahi. Allah ya jiƙan Mama.

Sadiq Kubwa: Dubu biyar ake yi a kasuwar Banex.

Baban Ummi: Sha biyar aka ce min.

Injiniya Bala: Mai gyaran waya daban, mai kwamfuta daban.

Sadiq Kubwa: To Injiniya, satifiket za mu kawo kafin mu yi magana?

Ɗan Gwagwa: Wallahi a goge finafinan Indiya, wuri zai samu 😂

Baban Ummi: Ni dai ki ajiye tsohon a durowa, kar ki goge.

Maman Hanif: To in aka ɗauke wuta ana tsaka da yi fa? Batirina ba ya riƙewa.

Ɗan Gwagwa: Wuta? Tun Afrilun 2024 muke biyan kuɗin Band A, wai awa 20 a rana. Jiya ko fanka ba ta juya ba.

Sadiq Kubwa: Ku da kuke da mita ma kenan.