Ƙaramin jirgi zuwa Iferwan, in bar shi ya shiga?

Maman Halisa, Tawa: Salamu alaikum jama'a, don Allah shawara nike nema. Maigidana ma'aikacin lafiya ne, wajen aikinsu za su kai shi Iferwan daga Agadas a ɗan jirgin nan mai farfela guda. Sau biyu ana ɗage tafiyar, wai hazo, kuma sun sa shi kan sikeli shi da jakarshi har aka ce ya rage kilo 4, kilishin da na ƙulla mishi ma ya bari. Ni hankalina bai kwanta ba, anya jirgin lafiyarshi lau? Ko in ce ya bi mota?

Baba Idi makanike: Wa alaikissalam ɗiyata. Abin da ya tsorata ki shi ya kwantar min da hankali. Iska in ta yi zafi sai ta yi sakayau, a kan tudu kuma ta ƙara, inji ya rasa ƙarfi, fiffike bai samun abin riƙewa, sai jirgi ya cinye fili bai ɗaga ba, shi ya sa ake awon kaya ake tashi da sassafe kafin rana ta gasa duwatsu. Kuma Abzin, yankin duwatsun da Iferwan take ciki, ba wasa ba ne, dutsen Bagzan tsayinshi ya haura mita 2000. Iska in ta tsallako dutse gangarowa take a bayanshi kamar ruwan kwazazzabo, tana danna jirgi ƙasa fiye da yadda zai iya hawa. Matuƙin da ya ga buji ya rufe kan dutse ya ce yau babu tafiya, wannan a riƙe shi. Mai cewa mu gwada shi ne abin gudu.

Sani Yamai: Hmm ni dai tun da Mano Dayak, jagoran 'yan tawayen Abzinawa, ya rasu a haɗarin ƙaramin jirgi cikin Abzin, Disamba 1995, ban yarda da su ba wlh.

Hajiya Rabi: Kai Sani, neman shawara ta zo ba firgici ba. Ita motar fa, ka san hanyar? Maman Halisa, ki dai ce mishi kada ya matsa wa matuƙi don sauri, kada ya ɓoye kaya cikin aljihu bayan awo.

Maman Halisa, Tawa: Na gode Baba, na gode Hajiya. Yanzu ya kira, an ce jibi bayan asuba in hazon ya washe. Kilishin kuma abokan aikinshi sun cinye.