Shawarwarin Dattawa Ga Mai Son Digirin Tauhidi

Bayan sujadar Lahadi a wata majami'a a Gombe, wani matashi ya ce yana son yin digirin tauhidi. Ga abin da na tsinta daga bakin dattawa.

Kafin ya nemi gurbi a makarantun tauhidi irin su JETS ta Jos ko TCNN ta Bukuru, ya fara koyarwa a Makarantar Lahadi ko da shekara guda. Wanda yara suka gundure shi, ikkilisiya za ta fi gundurarsa.

An daɗe ana magana a kan harshe. Karatun da Turanci ne, ga Helenanci don Sabon Alkawari da Ibrananci don Tsohon Alkawari, amma wa'azin ƙauye da Hausa zai yi shi, wani lokaci da Tangale. Wani tsohon fasto ya ce, "Ɗana, kada ka ajiye Littafi Mai Tsarki na Hausa." A ganina, nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe.

Wata uwa daga Zumuntar Mata ta ƙara da lissafin baikon majami'a: ya koyi rubuta shige da ficen kuɗi, don kuɗi na raba kan dattawa. Ya kamata kuma ya tambaya ko takardar makarantar tana kai mutum bautar ƙasa, ya riƙe gonarsa, don albashin fasto ba ya cika tukunya.